Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Ilimin Magani

Ya 'yan'uwa, ku sani an haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, Allah Ya ji ƙansa, a 1781. Shi ya jagoranci cin Alƙalawa, da ke yankin Sabon Birni, a 1808, ya zama Sarkin Musulmi a 1817. Mulki bai shagaltar da shi daga ilimin magani ba. Ya wallafa risala kan filasko, wata kan basir. Da Bature Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, Bello ya nemi a turo masa likita daga Ingila. Ya rasu a Wurno a 1837.

Saboda haka in kun ji masana suna gwada bagaruwa ko tana kashe ƙwayoyin cuta, kada ku zaci an saɓa wa tawakkali. Tafarkin magabata ne. Allah ne Mafi sani.