Hasan Ibnul Haisam, Malamin Haske da Gani

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Potiskum zuwa Damaturu ya ga itatuwan bakin hanya suna gudu da baya, alhali kuwa suna nan tsaye. Akwai wani malami da ya yi bayanin irin wannan ruɗin ido tun shekara dubu da suka wuce. Sunansa Hasan Ibnul Haisam, Turawa suna ce da shi Alhazen.

An haife shi a Basra, ƙasar Iraƙi, wajen 965. Masu tarihi sun ce ya yi alkawarin zai iya sarrafa ambaliyar Kogin Nilu, sai Halifa Alhakim na Masar ya aika ya zo. Da ya isa Aswan ya ga girman ruwan, ya tabbata aikin ya fi ƙarfinsa. Halifan kuwa ba shi da wuyar kisa, saboda haka malamin ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har Alhakim ya kau a 1021. Ba a gama babbar madatsar Aswan ba sai 1970.

A wajen waɗannan shekaru ya rubuta Kitabul Manazir, mai kashi 7. Malaman Yunanawa irin su Uklidas sun zaci haske daga ido ya ke fita ya taɓa abu. Shi kuwa ya nuna daga abu hasken ke zuwa ya shiga ido. Hujjarsa mai sauƙi ce: wanda ya dubi rana idonsa ya kan yi zafi, watau wani abu ne ya shigo daga waje.

Game da motsi, ya ce ido ba ya gane shi sai hankali ya gwada abu da na kusa da shi, ya ga wurinsa na ɗazu da na yanzu sun bambanta. Shi ya sa in gajimare na tafiya sai a ga kamar wata ne ke gudu. Ya kuma lura da katantanwa mai launi iri iri: in ta juya da sauri, launukan su kan zama ɗaya, gama gani yana bukatar lokaci. Majigi ma hotuna ne tsayayyu, 24 cikin daƙiƙa guda, ƙwaƙwalwa ke mai da su motsi.

Ya ƙare kwanakinsa kusa da masallacin Azhar, yana kwafar littattafai don samun abinci, ya rasu wajen 1040. An buga littafinsa da Latin a Basel a 1572.

To, 'yan'uwana masu koyon malanta, wannan mutum bai yarda da magana don girman mai faɗinta ba, sai ya gwada. Mu ma ranar da za mu koyar da gani, mu shiga aji da katantanwa fentacciya, yara su juya ta da hannunsu kafin mu taɓa alli.