Nana Asma'u 'Yar Shehu, Wadda Ta Gaji Malfar Inna

Duk wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba ya ji maƙwabtanmu Yarabawa suna ambaton Oshun da Yemoja, watau iyayen ruwa da wasunsu ke roƙo don haihuwa. Masu kallon fina-finan Indiya kuma sun saba ganin Durga da Lakshmi. To, ƙasar Hausa ma tana da irin tata tun kafin Jihadi, ita ce Inna, wadda ake kira Doguwa ko Uwar Gona. Maguzawa kan yi mata yanka don amfanin gona ya yi kyau, ana kuma tsoronta ƙwarai, shi ya sa har gobe ake kiran ciwon da ke shanye ƙafar yaro shan-inna. A makon nan za mu kawo tarihin matar da ta ja da wannan al'ada, ba da takobi ba, da alƙalami.

An haifi Nana Asma'u a Degel cikin shekarar 1793, ita da tagwayenta Hassan. Mahaifinta Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, mahaifiyarta Maimuna. Tana ƙarama aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ta tashi cikin yaƙi da yunwa, amma karatu bai yanke ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta iya rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

A Gobir kuwa akwai sarautar Inna, wadda akan ba wata 'yar gidan sarauta. Ita ce shugabar 'yan bori, kuma uwar matan ƙasa duka, tana sa malfa irin ta maza. Da Alkalawa ta faɗi a 1808, mata da yawa da aka kamo suka shiga gidajen Musulmi da borinsu. In ciwo ya zo, ko haihuwa ta ƙi, wurin iskoki suke komawa, don nan suka sani.

Asma'u ta gane cewa hani kaɗai ba ya raba mace da abin da take dogara gare shi, sai an ba ta madadinsa. Sai ta zaɓi dattijan mata daga ƙauyuka, ta karantar da su, ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Matan karkara da suka saba girmama malfar Inna suka ga ta koma kan malama. Jajin kan jagoranci ayarin tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Nana, su koyi tsarki da salla da tarihin Annabi cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, su koma gida su koya wa matan aure. Su ne ake kira 'Yan Taru. Har littafi ta rubuta kan magani da addu'o'i daga Alƙur'ani da hadisi, don mara lafiya ya sami inda zai nufa.

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, Sakkwato. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, daga zuriyarta yake. A shekarar nan ta 1997 ce Jean Boyd da Beverly Mack suka buga tarin rubuce-rubucenta.

Jama'a, mu da muka zo Ikko neman abinci, kada fatauci ya shagaltar da mu ga karatun matanmu da 'ya'yanmu mata. Macen da aka bari cikin duhu, ranar da damuwa ta same ta, duk wanda ya ce yana da magani shi za ta bi. Allah ya jiƙan Nana, ya sa Aljanna ce makomarta, amin.