Tarihin John Dalziel, likitan da ya tattara sunayen itatuwan ƙasar Hausa

Duk ɗalibin da ya taɓa yin nazari a kan itacen hano a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya rubuta sunan wannan mutum, ko da kuwa bai san ko wane ne shi ba.

A littattafan kimiyya ana kiran hano, ko ararrabi, da suna Boswellia dalzielii. Kalma ta biyun an ciro ta ne daga sunan Dokta John McEwan Dalziel, wani likita ɗan asalin yankin Scotland na Birtaniya, wanda ya shafe shekaru 17 yana aiki a Afirka ta Yamma, ya kuma bar littattafan da har yau su ne madogarar masu binciken tsirrai na wannan yanki.

Abin da ya bambanta shi da akasarin Turawan zamaninsa shi ne yadda ya ɗauki sanin da manoma da maharba da masu magani suke da shi game da daji a matsayin ilmi, wanda ya cancanci a saurara, a tantance, a kuma rubuta.

Haihuwa da karatu

An haifi John Dalziel a shekarar 1872 a birnin Nagpur na ƙasar Indiya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Mutanen Scotland suna furta sunan gidansu ne kamar Diyel, saɓanin yadda ake rubuta shi.

Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinburgh, kuma a 1895 ya tafi kudancin ƙasar Sin a matsayin likitan mishan, inda ya zauna a yankin Swatow, wanda yanzu ake kira Shantou, har zuwa 1902. A can ne ya soma tsinko ganyaye da furanni yana busarwa a lokutan da ba ya duba marasa lafiya.

A 1905 ya shiga sashen kiwon lafiya na gwamnatin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma, aka kuma turo shi Arewacin Najeriya. Shekaru biyu ke nan da faɗuwar Kano da Sakkwato a hannun sojojin Lugard, hedkwatar mulki kuma tana Zungeru. Sashen da ya shiga na Turawa ne zalla, domin dokar da ta kafa shi a 1902 ta hana a ɗauki likitoci baƙar fata, kome yawan karatunsu.

Likita a cikin daji

Kafin zuwansa, abin da masana na Turai suka sani game da tsirran wannan ƙasa bai wuce na bakin kogin Kwara ba sai kaɗan. Theodor Vogel ya tattara wasu a 1841 kafin rashin lafiya ta kashe shi, Charles Barter kuma ya yi aiki a ƙasar Nufe zuwa ƙarshen shekarun 1850, shi ma bai koma gida da rai ba. Dazuzzukan ƙasar Hausa kansu kusan ba wanda ya shiga da niyyar nazari.

Aikin likita ya kai Dalziel wurare da dama, kuma takardun da ke manne da samfuransa suna ɗauke da sunayen Kontagora da Zungeru da Katagum da Sakkwato da Yola da Lakwaja da Abinsi a bakin Binuwai. Daga baya ya yi aiki a Legas da kuma Gold Coast, wato Ghana ta yau.

Aiki ne mai cin rai. Sai an samo reshe mai ganye da fure, in so samu ne har da 'ya'ya, a shimfiɗa shi a tsakanin takardu, a danne da katako, a yi ta sauya takardun har ya bushe ba tare da ya yi funfuna ba. Itace da yawa a wannan yanki sukan yi fure ne da rani bayan sun kaɗe ganye, saboda haka dole a koma wa itace guda sau biyu ko uku kafin a haɗa cikakken samfuri. Bayan haka sai a kare shi daga gara da ruwan damina, a ɗora wa 'yan dako, domin jirgin ƙasa bai kai Kano ba sai 1911.

Samfuran sukan ƙare ne a lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan, inda ake kwatanta su da waɗanda aka tara daga sauran sassan duniya. A nan ne a 1910 wani matashin masani, John Hutchinson, ya tabbatar cewa hano wani jinsi ne na dangin itacen lubban da ba a taɓa bayyanawa a kimiyyance ba, ya kuma raɗa masa sunan wanda ya aiko shi. A wannan shekara Dalziel ya wallafa wata maƙala a mujallar Kew kan albarkatun tsirrai na lardin Yola.

Littafin 1916

Tun da wuri ya lura cewa busasshen ganye shi kaɗai rabin labari ne. Sauran rabin yana bakin mutanen da suka tashi a gindin itacen, suka san sunansa, da lokacin da yake fure, da abin da ake yi da saiwarsa, da kuma ko dabba za ta ci ta kwana lafiya.

Wannan ne ya haifar da ɗan littafinsa mai suna A Hausa Botanical Vocabulary, wato ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, wanda aka buga a Landan a 1916. An jera sunayen ne bisa haruffan Hausa, kowanne da takwaransa na kimiyya da taƙaitaccen bayanin amfaninsa.

Wahalar irin wannan aiki ba ƙarama ba ce. Itace ɗaya kan amsa suna biyu ko fiye gwargwadon gari: hano da ararrabi, maje da kadaura, bagaruwa da gabaruwa, kalgo da kargo. Wani lokacin kuma suna ɗaya ne ke rufe jinsuna biyu, kamar yadda kalgo yake. Sannan Bahaushe yakan bai wa kowane sashe na itace mai amfani sunansa na daban. Ɗorawa tana ba da kalwa, wadda ake yin daddawa da ita, da makuba, wadda magina ke shafe soro da daɓe da ita. Tsiron giginya muruci ne, ganyen goriba kaba, 'ya'yan kaɗanya kuma kaɗe.

Mai tattara suna da bai zauna ya fahimci wannan tsari ba, zai iya lissafa itace ɗaya a matsayin uku, ko ya cakuɗa magani da guba. A ƙasar da ake samun gwaska da kwankwani, waɗanda aka san su da dafi, irin wannan kuskure yana iya zama sanadin rai, kuma Dalziel likita ne da ya san haka.

Wani lokacin ma kimiyyar ce ta ari sunan Hausa kai tsaye. Itacen doka, wanda shi ne ya mamaye dazuzzukan ƙasar Zazzau, sunansa a duniya Isoberlinia doka. 'Yar'uwarsa farar doka ta daɗe tana amsa sunan Isoberlinia dalzielii kafin masana su sauya mata suna.

Shekarun Kew

Dalziel ya bar aikin gwamnati a 1922, amma bai huta ba. Ya koma Kew inda suka haɗa hannu da Hutchinson a kan wani gagarumin aiki, Flora of West Tropical Africa, wanda ya bayyana tsirran da aka sani daga Senegal har zuwa Tafkin Chadi da tsaunin Kamaru. Littafin ya fito kashi-kashi daga 1927 zuwa 1936. A 1927 ya sake leƙo yankin tare da wata tawagar masu binciken tsirrai ta Amurka wadda David Fairchild yake ciki.

Daga wannan haɗin gwiwa ne aka samu gajerun sunayen nan biyu, Hutch. da Dalziel, da ake gani a bayan sunayen tsirrai masu yawa, ciki har da na maje, wato Daniellia oliveri.

Shekara guda bayan kammala wancan aiki, a 1937, ya fitar da littafin da ya fi shahara da shi, The Useful Plants of West Tropical Africa, mai shafi sama da 600. A cikinsa ya bi tsirrai ɗaya bayan ɗaya, yana kawo sunayensu da Hausa da Fulatanci da Barbarci da Yarabanci da sauran harsunan yankin, sannan ya bayyana wanda ake ci, da wanda ake rini ko jima da shi, da na igiya, da na gini, da na magani, da wanda ake komawa gare shi a shekarar yunwa.

Ya rasu a Ingila a shekarar 1948.

Don wa aka yi aikin?

Masu nazarin tarihin kimiyya sukan tunatar cewa irin wannan bincike bai rabu da bukatun mulkin mallaka ba. Birtaniya tana son sanin abin da za ta iya fitarwa daga ƙasashen da ta mallaka: auduga da ƙaro da man kaɗe da roba da katako. Ofishin da ke kula da sayayyar ƙasashen mulkin mallaka a Landan ne ma ya buga manyan littattafan biyu.

An rubuta su ne da Turanci, domin jami'an gandun daji da na gona da likitoci. A daidai shekarun da ilmin daji yake fita daga bakin Hausawa zuwa Turanci, a Zariya wasu suna ƙoƙarin juyo da ilmin boko zuwa Hausa: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, aka kuma kafa kamfanin Gaskiya a Tudun Wada a 1945. Sai dai manomin da ya ba da sunan itacen ba shi ne aka yi wa littafin Dalziel ba.

Akwai kuma batun su wane ne suka koya masa. Ba zai yiwu baƙo ya san bambancin sabara da geza, ko ya san ganyen da ake dafa wa mai jego, ba tare da wani ya nuna masa ba. Sunan likitan ya shiga kundin kimiyya, amma maharba da wanzamai da ungozomomi da tafintocin da suka ba shi wannan sani tarihi bai riƙe su kamar yadda ya riƙe shi ba. Al'adar zamanin ke nan, kuma a yau ƙa'idojin bincike sun tanadi a ambaci masu ilmin gargajiya, a kuma ba su rabonsu idan aka ci riba da shi, kamar yadda yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta shimfiɗa.

Duk da haka, ko masu sukar zamanin nasa ba sa musun cewa ya rubuta abin da ya ji da kulawa, a lokacin da Turawa da yawa suke kallon maganin gargajiya a matsayin camfi kawai.

Gadon da ya bari

Aikin bai tsaya da rasuwarsa ba. Ronald Keay, wanda ya yi shekaru yana aikin gandun daji a Najeriya, da Nigel Hepper sun sabunta littafin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1954 da 1972. Shi kuwa littafin tsirrai masu amfani, Humphrey Burkill ya faɗaɗa shi zuwa juzu'i shida, daga 1985 zuwa 2004. Masanin harsuna Roger Blench ma a kan jerin Dalziel ya ɗora nasa tarin sunayen tsirrai na Hausa a shekarun 2000.

A Zariya ne aka fi ganin amfanin wannan gado a Arewa. Gonar gwaji ta Samaru da aka fara a 1922 ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sannan aka buɗe tashar binciken gandun daji a Samarun a cikin shekarun 1960. Jami'ar tana da ma'ajiyar busassun tsirrai, inda mai bincike kan kai ganyen da ya samo a tabbatar masa da sunansa kafin ya shiga ɗakin gwaji.

Hanyar da masu nazarin haɗa magunguna suke bi ita ce wadda Dalziel ya share: a ji sunan itace da amfaninsa a bakin mai magani a kasuwar Tudun Wada ko Sabon Gari, a gano sunansa na kimiyya, sannan a gwada a ga ko abin da aka faɗa yana da tushe. Ta haka aka yi nazarce-nazarce masu yawa a kan sassaƙen hano, wanda ake sha domin zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da na ciki, ake kuma turara ƙaronsa a ɗaki.

Sai dai dajin da Dalziel ya gani ba shi ne na yau ba. Noma ya faɗaɗa, garuruwa sun bunƙasa, masu gawayi da masu itacen girki sun rage dokar da ta kewaye Zazzau, itatuwan magani irin su hano da maɗaci kuma sukan mutu a tsaye idan aka yi musu sassaƙa ta zagaye gindi. Idan itace ya ɓace daga gari, sunansa kan bi shi cikin ƙarni ɗaya ko biyu, tare da duk abin da aka sani game da shi.

Wannan ya sa littafin 1916, wanda yanzu ake samu kyauta a intanet, ya koma wani abin da marubucinsa bai nufa ba. Ya zama shaidar abin da ke tsiro a ƙasar Hausa fiye da shekaru ɗari da suka wuce, da kuma yadda mutanenta suke kiransa. Masu son farfaɗo da dazuzzukan yankin da itatuwan asali suna da wurin dubawa, haka ma jikokin waɗanda suka ba da sunayen tun farko.