Sir Arthur Lewis: Ɗan Malaman Makaranta Da Ya Fayyace Yadda Ƙasashe Matalauta Ke Bunƙasa

An haifi William Arthur Lewis a ranar 23 ga Janairun 1915 a birnin Castries na tsibirin Sent Lusiya da ke yankin Karibiyan, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya. Iyayensa malaman makaranta ne da suka yi ƙaura daga tsibirin Antigua, kuma shi ne na huɗu cikin 'ya'yansu maza biyar. Yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya rasu, ɗawainiyar gida ta koma wuyan mahaifiyarsa Ida, wadda ta tsaya tsayin daka wajen tarbiyya da karatun yaranta.

Lewis ya kammala sakandare yana da shekara 14, ya kama aikin akawu a ofishin gwamnati kafin shekarunsa su kai na zama jarrabawar neman tallafin karatu a Birtaniya. A 1932 ya ci jarrabawar. Burinsa shi ne ya zama injiniya, amma ya san ba gwamnati ko kamfanin Turawa da zai ɗauki baƙar fata wannan aiki a zamanin. Saboda haka ya zaɓi karatun harkokin kasuwanci, ya isa Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, wato LSE, a 1933.

Ya tarar da duniya cikin matsanancin karayar tattalin arziki, masana'antu suna rufewa, miliyoyin mutane ba su da aikin yi. Malaman LSE irin su Lionel Robbins da Friedrich Hayek suna muhawara mai zafi da John Maynard Keynes na Jami'ar Kambirij kan ko ya dace gwamnati ta sa baki a harkar kasuwa. A cikin wannan yanayi ne ilimin tattalin arziki, wanda bai san shi ba kafin zuwansa, ya shiga ransa. Ya sami digiri mai daraja ta ɗaya a 1937, a 1938 ya zama baƙar fata na farko da ya koyar a makarantar, sannan ya kammala digirin digirgir a 1940 a ƙarƙashin kulawar Arnold Plant.

Bincikensa na farko ya shafi masana'antu da gasa a kasuwa: yadda kamfanonin da ke zuba maƙudan kuɗi tun kafin su fara samun ko kwabo, kamar na jirgin ƙasa da wutar lantarki, suke yanka farashi, da yadda doka za ta hana wani ya yi babakere a kasuwa. A 1948, yana da shekara 33, Jami'ar Manchester ta naɗa shi farfesa.

A can ne ya fuskanci tambayar da ta ɗaukaka sunansa: me ya sa albashin leburori a ƙasashe matalauta yake tsayawa wuri ɗaya ko da masana'antu suna ƙaruwa? Amsar ta zo masa a 1952 yana tafiya a kan wani titi a birnin Bankok na ƙasar Tailan, ya kuma wallafa ta a wata maƙala a 1954. A bayaninsa, tattalin arzikin irin waɗannan ƙasashe ya kasu gida biyu. Akwai ɓangaren gargajiya na ƙananan manoma da 'yan tireda da masu aikatau, inda hannaye suka yi wa aikin yawa, ta yadda ko wasu sun tafi amfanin da ake samu ba zai ragu sosai ba. Akwai kuma ɓangaren zamani na masana'antu, wanda zai iya ɗibar ma'aikata daga ƙauye a kan albashin da ya ɗara abin da suke samu a gona da kaɗan. Tun da albashi bai tashi ba, riba takan taru. Idan aka sake zuba ta a cikin sababbin injuna, sai a ƙara ɗaukar ma'aikata. A ganinsa, jigon bunƙasa shi ne ƙasar da ke adana kashi 4 ko 5 cikin ɗari na abin da take samu ta koma adana kashi 12 zuwa 15. Ranar da rarar ma'aikata ta ƙare kuwa, dole albashi ya fara hawa. Masana sun sa wa wannan mataki sunansa, kuma da shi suka riƙa auna ci gaban ƙasar Sin a 'yan shekarun nan.

Da wannan tunani ya bayyana matsalar cinikayya tsakanin ƙasashe. Ya nuna cewa koko da kofi da roba suna araha ne saboda manomin ƙasashe masu zafi abinci kaɗan yake nomawa a gonarsa, don haka yakan karɓi ɗan abin da aka ba shi ya noma kayan fitarwa. Muddin noman abinci bai inganta ba, masu saye a ƙetare ne za su ci moriyar duk wani ƙoƙari da aka yi wajen ƙara yawan kayan.

Wannan ra'ayi ya kawo Afirka ta Yamma. A rahoton da ya rubuta wa gwamnatin Gold Coast a 1953, ya ba da shawarar a fara inganta noman abinci, domin manomi mai kuɗi a hannu shi ne zai sayi kayan masana'anta. Da Ghana ta sami 'yancin kai a 1957, ya zama mai ba Kwame Nkrumah shawara kan tattalin arziki. Sai dai tafiyar ba ta yi nisa ba. Nkrumah yana son manyan ayyuka cikin gaggawa, Lewis kuwa yana gargaɗi kan kashe dukiyar ƙasa a ayyukan da ba za su biya kuɗinsu ba. A ƙarshen 1958 ya bar muƙamin. A 1965 ya fitar da littafi kan siyasar Afirka ta Yamma, inda ya soki mulkin jam'iyya ɗaya, ya goyi bayan tsarin tarayya da gwamnatin haɗaka a ƙasashe masu ƙabilu da yawa. A 1967 kuma ya wallafa nazari kan bunƙasar tattalin arzikin Najeriya.

Lewis ya shugabanci Jami'ar West Indies, aka ba shi lambar girma ta Sir a 1963, shekarar da ya koma Jami'ar Princeton a Amurka. Shi ne kuma shugaban farko na Bankin Raya Yankin Karibiyan. A 1979 ya sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki tare da Theodore Schultz, ya zama baƙar fata na farko da ya ci kyautar a wani fanni da ba na zaman lafiya ba.

Ya rasu a Barbados ranar 15 ga Yunin 1991, aka binne shi a Sent Lusiya a harabar kwalejin da ke ɗauke da sunansa. Hotonsa yana kan takardar dala 100 ta ƙasashen gabashin Karibiyan. Har yau ɗaliban tattalin arziki a jami'o'in Najeriya suna karanta bayaninsa, a ƙasar da matasa ke kwarara daga ƙauyuka zuwa birane, masana'antun da za su ɗauke su aiki kuwa ba su wadata ba.