Aristide Bergès, Mai Farin Gawayi

An haifi Aristide Bergès a 1833 a ƙauyen Lorp, kudancin Faransa, gidan masu sana'ar yin takarda. Ya yi karatun injiniya a Paris, ya gama a 1852. Sa'an nan ya nufi kwarin da ke kusa da birnin Grenoble, gindin duwatsun Alps, ya kafa ma'aikatar takarda a Lancey.

Niƙa itace ya zama takarda aiki ne mai bukatar ƙarfi ƙwarai, ga kwal da tsada a wannan wuri, ga rafin Lancey ɗan siriri. Amma rafin daga ƙololuwar dutse ya ke gangarowa, inda ƙanƙara ke narkewa. Bergès ya gane cewa tsawon gangara na iya maye gurbin yawan ruwa, watau guga ɗaya da ya faɗo mita 200 daidai ya ke da guga 200 da suka faɗo mita ɗaya. Malaman lissafi su lura da wannan, ya isa darasi guda.

A 1869 ya kama ruwan cikin bututun ƙarfe, ya sauko da shi mita 200 bisa injin da ruwa ke juyawa. Abin tsoro kuwa shi ne fashewar bututun, gama a gindinsa ruwan yana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kilo 20. Bututun ya jure. A 1882 ya ƙara gangarar ta kai wajen mita 500. Da yake rafi yakan ja baya lokacin hunturu, sai ya mai da tafkin Crozet da ke can bisa rumbun ajiyar ruwa.

Bai sha da daɗi ba. Masu gonaki na gefen rafin suka yi ta kai shi ƙara kan ya karkatar musu da ruwa, shari'u suka ɗauki shekaru. A ganina ba su rasa hujja ba, gama tun kakanninsu su ke ban ruwa da shi.

A babban nunin kayayyaki na Paris, 1889, ya yayata sunan farin gawayi, yana nufin ƙanƙarar duwatsu. Kafin ƙarshen ƙarnin, wutar lantarkinsa ta haskaka ƙauyukan kwarin. Ya rasu a 1904, gidansa na Lancey ya zama gidan tarihi. A wannan lardi na Isère aka gina tashar Grand'Maison wajen 1985, mai ƙarfin megawat 1,800, wadda ta fi kowace tashar lantarki ta ruwa ƙarfi a Faransa.