Vic Edelbrock Sr.

Otis Victor Edelbrock (16 ga Agusta, 1913 – 11 ga Nuwamba, 1962), wanda aka fi sani da Vic Edelbrock Sr., bakanike ne kuma ɗan tseren mota ɗan ƙasar Amurka. Shi ne ya kafa kamfanin Edelbrock, mai ƙera kayan da ake ɗaura wa injin mota domin ƙara masa ƙarfi da gudu. Yana cikin mutanen farko da suka mayar da yi wa tsofaffin motoci kwaskwarima sana'a mai zaman kanta, kuma an san shi da cewa sai ya gwada kaya a motarsa kafin ya sayar wa wani.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Eudora na jihar Kansas, inda iyayensa ke da kantin kayan masarufi. A shekarar 1927 gobara ta cinye kantin, sai ya bar makaranta yana da shekara 14 domin ya taimaka wa gida. A lokacin ne ya fara koyon gyaran mota. A 1931, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin da ta addabi Amurka, ya koma jihar Kalifoniya wurin ɗan'uwansa Carl. Ya auri Katherine Collins a 1933, kuma a shekarar ya buɗe gareji a Beverly Hills tare da ɗan'uwan matarsa. Daga baya ya buɗe nasa na kansa a birnin Los Angeles. An haifa masa ɗa, Vic Jr., a 1936.

Tsere a busassun tafkuna

A wancan zamani samarin kudancin Kalifoniya kan sayi tsofaffin motocin Ford da araha, su cire duk abin da ke ƙara musu nauyi, su haɗa injin da kayan hannu da suka tsinto a wuraren jibge matattun motoci. Irin waɗannan motoci su ake kira hot rod. Ana gwada gudunsu a busassun tafkunan hamadar Mojave, musamman Muroc, domin ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce mai tauri.

A 1938 Edelbrock ya sayi wata buɗaɗɗiyar Ford ƙirar 1932 ta hannu, mai injin V8 na silinda takwas. Da ita yake zuwa aiki, da ita kuma yake tsere. Idan ya isa tafkin sai ya kwance murafen tayoyi da gilashin gaba, bayan an tashi ya mayar da su ya kamo hanyar gida.

Manifol ɗin Slingshot

Manifol shi ne bututun da ke karɓar iska da fetur daga kafireto ya raba wa silindojin inji. Idan rabon bai yi daidai ba, ko hanyar ta yi ƙunci, injin ba ya ba da cikakken ƙarfinsa. Da farko Edelbrock ya yi aiki da Tommy Thickstun a kan wani manifol, amma sakamakon bai gamsar da shi ba, sai ya zana nasa na alminiyam, ya sa masa suna Slingshot. Yana ɗaukar kafireto biyu ƙirar Stromberg 97 a maimakon ɗaya da Ford ke zuwa da shi. A watan Nuwamba na 1941 motarsa ta yi gudun sama da mil 121 a awa ɗaya, wato kimanin kilomita 195, a busasshen tafkin Rosamond. Ganin haka sauran 'yan tsere suka fara neman ya ƙera musu irinsa. Kimanin guda 100 aka yi kafin yaƙi ya tsayar da aikin.

Bayan yaƙi

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin sassaƙa ƙarfe da na'ura a masana'antar jiragen ruwa ta Todd. Ƙwarewar da ya samu a can ta taimaka masa wajen ƙera kawunan inji na alminiyam, waɗanda makanikai ke kira tof silinda. A 1946 ya fitar da kundin kayansa na farko, wanda ya ba mutanen wasu jihohi damar yin oda ta gidan waya. A ƙarshen shekarun 1940 ya sayi na'urar auna ƙarfin inji, abin da ya sa yake iya sanin amfanin kowane ƙarfe da alƙaluma, ba da ƙiyasi ba.

Ya kuma shiga tseren ƙananan motoci, inda injin Offenhauser mai tsada ya daɗe yana cin kasuwarsa. A watan Agusta na 1950, a filin Gilmore da ke Los Angeles, motar Edelbrock mai ƙaramin injin Ford ta kayar da su, bayan ya gauraya man da sinadarin naitirometan. Direban shi ne Rodger Ward, wanda daga baya ya lashe gasar Indianapolis 500 sau biyu, a 1959 da 1962.

Da kamfanin Chevrolet ya fito da ƙaramin injinsa na V8 a 1955, Edelbrock bai tsaya kan Ford kaɗai ba, ya shiga ƙera masa manifol shi ma.

Mutuwa da abin da ya bari

Ya mutu sakamakon ciwon daji yana da shekara 49. Ya bar kamfani mai ma'aikata 10 da cinikin kusan dala 450,000 a shekara. Ɗansa Vic Jr. ya karɓi ragama yana da shekara 26, ya faɗaɗa shi har ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙera irin waɗannan kaya a Amurka.

Har yau ana cinikin tsofaffin kayan Edelbrock a kasuwannin kayan mota na hannu, kamar wadda ake ci a Pomona ta Kalifoniya. Masu farfaɗo da tsofaffin Ford sun fi neman waɗanda aka ƙera a zamaninsa. Da yake Slingshot na asali ƙalilan ne, kuma kamfanin ya sake ƙera sababbi irinsa, mai saye kan duba rubutun da ke jikin ƙarfen, da tsagewa ko alamar walda, kafin ya biya kuɗi.