Alhassan Ɗantata: Attajirin Da Ya Auna Gyaɗa Kafin Ya Zuba Jari

An haifi marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fatake masu safarar goro. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, wata tsohuwa mai suna Tata ta riƙe shi, daga nan ya samo sunan.

Da goro ya fara. Ayarin Gwanja kan shafe watanni a hanya, ga kuɗin fito, ga ƴan fashi, ga goro na lalacewa. Ɗantata ya lissafa, ya ga jarin da ke kwana a hanya ba ya haihuwa, sai ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko. Kuɗin jirgi ya fi, amma jari na saurin juyawa.

Da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, Turawa auduga suka sa wa rai. Manoma kuwa suka zaɓi gyaɗa, don ta fi kawo kuɗi, kuma in farashi ya faɗi a ci ta, ko mata su matse mai su soya ƙuli-ƙuli. Auduga fa, wa zai ci? Mu da ke kasuwancin albasa a Madawa, Buza da Keita mun san wannan lissafi, domin kayan da ba ya ajiyuwa dillali ke yanka masa farashi.

A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Ɗantata ya riƙa saya masa gyaɗa. Ya raba wa yaransa kuɗi suka shiga ƙauyuka, ya tara buhuna a Kano har suka zama dala. Abin da ya fi burge mu shi ne bai saki tsohuwar hanya ba. Ya ci gaba da goro, shanu da tufafi, ta yadda in gyaɗa ta yi asara wani ya rufe. An kuma san shi da tsimi, ba ya cin uwar kuɗi.

A 1929 da aka buɗe reshen bankin Turawa a Kano, kuɗin azurfa na raƙumi 20 ya kai ajiya. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, bayan ya yi wa ƴaƴansa wasiyyar kada su raba kamfanin.